Sau Nawa a Daƙiƙa Ɗaya? Darasi Kan Yawan Kai-komo

A wannan mako filin kimiyya na allon jaridarmu ya ɗauko wani darasi da ke ba 'yan aji biyu da aji uku wahala a jarrabawa, wato abin da littafin kimiyya ke kira firikwansi. Sunan ne kawai mai ban tsoro. Idan aka warware shi, ƙidaya ce irin wadda muka iya tun muna firamare. Tambayar guda ɗaya ce tak: abin nan da ke kai-komo, sau nawa yake yi a daƙiƙa ɗaya? Wanda ya riƙe wannan tambaya zai gane dalilin da ya sa kukan sauro yake siriri, da ma'anar lambar da tashar rediyo ke faɗa kullum, da yadda kalangu ke magana. Don haka a nan za mu riƙa kiran abin da suna yawan kai-komo. Muna roƙon mai karatu ya tanadi biro da takarda, domin akwai ɗan lissafi a gaba, akwai kuma tambayoyi a ƙarshe.

Mene ne kai-komo?

Ɗauki rula ka ɗora a bakin tebur, rabinta a waje. Danne ɓangaren da ke kan tebur da hannu ɗaya, ka ja bakin da ke waje ƙasa ka saki. Za ka ga tana rawa sama da ƙasa, kuma za ka ji wata ƙara. Wannan rawar ita ce kai-komo. Haka lilo yake yi, haka fatar ganga take yi idan an buga ta, haka fiffiken ƙuda yake yi.

Idan abu ya tashi daga wuri, ya je ɗaya gefen, ya dawo inda ya taso, ya yi zagaye ɗaya. A nan ne ɗalibai da yawa ke zubar da maki. Suna ƙirga zuwa a matsayin ɗaya, dawowa a matsayin biyu. Zuwa kaɗai rabin zagaye ne. Sai an je an dawo kafin a ce ɗaya.

Yawan kai-komo shi ne adadin zagayen da abu ya yi a daƙiƙa ɗaya, wato sakan ɗaya. Yadda ake samunsa:

yawan kai-komo = adadin zagaye ÷ adadin daƙiƙoƙi

Ma'auninsa shi ne haz. Haz 1 yana nufin zagaye ɗaya a daƙiƙa ɗaya. An samo sunan ne daga Heinrich Hertz, wani masanin kimiyya Bajamushe da aka haifa a 1857, ya rasu a 1894. Za mu sake haɗuwa da shi idan mun zo kan rediyo. Idan lambar ta yi girma, ana taƙaita ta. Kilohaz 1 haz 1,000 ne. Megahaz 1 haz 1,000,000 ne. Gigahaz 1 haz 1,000,000,000 ne.

Ga misali. Yarinya tana lilo, ta yi zagaye 15 a daƙiƙa 30. Sai mu raba 15 da 30, mu sami haz 0.5. Ga wani misalin daga jikinmu. Idan ka taɓa jijiyar wuyan hannunka ka ƙirga bugu 72 a minti ɗaya, kada ka rubuta haz 72. Minti ɗaya daƙiƙa 60 ne, saboda haka 72 ÷ 60 zai ba ka haz 1.2. Kullum a fara mai da minti zuwa daƙiƙa kafin a raba.

Akwai ɗan'uwan wannan ma'auni, wato lokacin zagaye. Shi kuma yana tambaya ne: zagaye ɗaya daƙiƙa nawa yake ci? Su biyun kishiyoyin juna ne. Idan ɗaya ya ƙaru, ɗayan ya ragu.

lokacin zagaye = 1 ÷ yawan kai-komo

Lilon yarinyar nan mai haz 0.5, zagayensa ɗaya yana cin daƙiƙa 2. Abu mai haz 50 kuma zagayensa ɗaya yana cin daƙiƙa 0.02 kacal. A littafi ana rubuta yawan kai-komo da ƙaramin harafin f, lokacin zagaye kuma da babban harafin T.

Gwajin da kowa zai iya yi

Wannan gwaji ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. Zare, ƙaramin dutse, rula da agogo sun isa. Ɗaura dutsen a bakin zaren, ka rataye ɗaya bakin a ƙusa ko reshen bishiya inda babu iska. Auna tsawon daga ƙusar zuwa tsakiyar dutsen ya zama mita 1. Ja dutsen gefe kaɗan ka saki, kada ka tura shi. Mutum ɗaya ya riƙa ƙirgawa, ɗaya yana duba agogo. Ƙirga zagaye 20 maimakon ɗaya, domin hannun mutum ba ya da saurin da zai kama zagaye ɗaya daidai.

Za ku sami daƙiƙa 40 ko kusa da haka. Ke nan zagaye ɗaya daƙiƙa 2, yawan kai-komo haz 0.5. Yanzu ku rage zaren ya koma santimita 25. Zagaye 20 za su ci daƙiƙa 20, wato haz 1. Ku lura da kyau: mun rage tsawon zaren zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, amma yawan kai-komo ya ninka sau biyu ne kawai.

Sai ku canza dutsen, ku sa wanda ya fi shi nauyi, ba tare da taɓa tsawon zaren ba. Yawancinmu za mu yi rantsuwa cewa mai nauyi zai fi sauri. Agogo zai nuna muku babu wani bambanci. Ku kuma ja dutsen nesa kaɗan fiye da na farko. Muddin ba ku ja shi da nisa ƙwarai ba, lokacin yana nan yadda yake. Tsawon zaren ne ke da iko da lamarin. Galileo, mutumin Italiya, ya yi nazarin wannan tun wajen 1602. A 1656 Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya ƙera agogo mai aiki da irin wannan lilo. Manyan agogunan bango masu wani ƙarfe da ke lilo a ƙasansu jikokin wannan agogo ne.

Daga kai-komo zuwa taguwa

Idan aka jefa dutse a kududdufi, sai ka ga da'ira-da'ira suna bazuwa zuwa baki. Wannan ita ce taguwa, wadda wasu ke kira igiyar ruwa. Ka kula da ganyen da ke yawo a kan ruwan. Taguwar za ta zo ta ɗaga shi, ta sauke shi, ta wuce, shi kuwa yana nan kusa da inda yake. Ashe ruwan ba ya tafiya tare da taguwar. Kowane ɗigon ruwa kai-komo yake yi a wurinsa, ya miƙa wa maƙwabcinsa motsin. Abin da ke tafiya shi ne ƙarfin motsin.

Sauti ma haka yake. Fatar ganga ta tura iskar da ke kusa da ita, wannan iska ta tura ta gaba, har motsin ya iso dodon kunnenka ya girgiza shi. Sau nawa fatar ta yi kai-komo a daƙiƙa, sau nan dodon kunnenka zai yi. Shi ya sa yawan kai-komon taguwa daga tushenta yake fitowa, kuma ba ya canzawa a hanya ko da taguwar ta fita daga iska ta shiga ruwa ko bango.

Tazarar da ke tsakanin tudun taguwa ɗaya da tudun da ke bin sa ita ce tsawon zango, kuma da mita ake auna ta. Tsakanin abubuwan nan akwai doka:

gudun taguwa = yawan kai-komo × tsawon zango

Ga yadda za a riƙe ta. Uba da ƙaramin ɗansa suna tafiya kasuwa kafaɗa da kafaɗa. Takun uban dogo ne, don haka ba ya yin taku da yawa. Takun yaron gajere ne, dole ya riƙa yin taku da sauri-sauri. Amma tare za su isa. Tsawon taku shi ne zango, yawan taku a daƙiƙa shi ne yawan kai-komo, saurin tafiyar kuma shi ne gudun taguwa. Idan gudu ɗaya ne, mai gajeren zango shi ne mai yawan kai-komo.

Sauti yana gudun kusan mita 340 a daƙiƙa a cikin iska. Sauti mai haz 170 zangonsa 340 ÷ 170, wato mita 2. Mai haz 680 zangonsa rabin mita. Dukansu lokaci ɗaya za su iso kunne. Wannan ne ya sa idan ana hawan salla kana daga nesa, kiɗan tambari da busar algaita ba sa rikicewa, suna iso maka a jere yadda aka yi su. A cikin ruwa sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa, a cikin ƙarfe kuma ya kai wajen mita 5,000. Haske ya fi su duka nesa ba kusa ba, shi ya sa muke ganin walƙiya kafin mu ji tsawa. Idan ka ƙirga daƙiƙa 3 tsakaninsu, tsawar ta faɗi a nisan kusan kilomita 1.

Siririn sauti da mai kauri

Ɗora yatsu a maƙogwaronka ka ce "aaa". Za ka ji karkarwa. Wasu tantani biyu ne a cikin maƙogwaro suke kai-komo yayin da iska ke ratsa su. Idan kai-komon ya yi yawa, murya ta fito siririya. Idan ya yi kaɗan, ta fito da kauri. Muryar babban namiji tana tsakanin haz 85 da 180, ta babbar mace tsakanin 165 da 255, ta ƙananan yara kuma ta fi haka. 'Yan'uwanmu maza na aji uku da muryarsu ta fara buɗewa, kada kowa ya yi musu dariya. Tantanin ne ya ƙara tsawo da kauri, sai kai-komonsa ya ragu.

A nan akwai tarkon da masu tsara jarrabawa ke so. Ƙarfin sauti daban, sirantarsa daban. Ƙarfi yana fitowa ne daga faɗin kai-komo, wato iya nisan da abin ke kaiwa kafin ya juyo. Siranta kuma daga yawan kai-komo. Idan ka ƙara muryar rediyo, mawaƙin bai koma mai muryar yara ba, ƙarar ce kawai ta ƙaru. Sauro yana kaɗa fiffike sau ɗaruruwa a daƙiƙa, wajen 500, don haka kukansa siriri ne, amma sai ya zo dab da kunne kake jin sa. Kukan bijimi kuwa ba shi da yawan kai-komo, amma daga bayan gari ana jin sa. Ƙudan zuma yana kaɗawa sama da sau 200, shi ya sa gunjinsa ya fi na sauro kauri. Malam-buɗe-littafi bai wuce wajen sau 10 ba, ba ma jin komai idan ya wuce.

Abin da makaɗa suka daɗe da sani

Abu uku ne ke sarrafa yawan kai-komon tsirkiya: tsawonta, miƙewarta da kaurinta. Gajeriya ta fi doguwa yawan kai-komo. Wadda aka ja ta miƙe tsam ta fi sakakkiya. Siririya ta fi mai kauri. Kuna iya gwada duka ukun da robar ɗaure kuɗi a bakin gwangwani. Wani Bafaranshe mai suna Marin Mersenne ya rubuta waɗannan dokoki a 1636, amma makaɗa a ko'ina sun san su da hannunsu tun kafin nan.

Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi ya yi suna, kuntigi kuwa tsirkiya ɗaya gare shi. To, yaya tsirkiya ɗaya ke fitar da sauti iri-iri? Idan makaɗi ya danne ta da yatsa, ya rage tsawon ɓangaren da ke rawa, sai sautin ya sirance. Idan ya danne ta daidai tsakiya, yawan kai-komo ya ninka sau biyu. Haka mai goge da mai gurmi da mai garaya suke yi. Mai sarewa kuma iskar da ke cikin karan yake ragewa ko ƙarawa idan ya buɗe rami ko ya toshe.

Kalangu, wanda marigayi Mamman Shata ya yi waƙoƙinsa da shi, ta hanyar miƙewa yake aiki. Makaɗi ya rataya shi a hammata. Idan ya matse tsirkiyoyin da ke haɗa fatun biyu, fatar ta ɗaure, sauti ya hau. Idan ya sassauta, sauti ya sauka. Me ya sa muke jin kamar magana yake yi? Domin Hausa harshe ne mai karin sauti. Faɗi "wuya" ta jiki, sannan ka faɗi "wuya" ta wahala. Haruffan iri ɗaya ne. A ta farko murya tana farawa sama ta sauko, a ta biyu tana farawa ƙasa ta hau. Haka "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye: a ta miya murya tana saukowa a gaɓar ƙarshe, a na hawaye tana tsayawa a sama. Ashe duk Bahaushe yana canza yawan kai-komon maƙogwaronsa a kowace kalma ba tare da ya sani ba. Wannan hawa da sauka ne mai kalangu ke kwaikwaya, mai saurare kuma ya cike kalmomin da kansa.

'Yan'uwanmu masu ɗebo ruwa su ma sun san wani abu. Idan ka tara jarka a famfo, ba sai ka leƙa ba za ka san ta kusa cika, domin ƙarar tana ƙara sirancewa. Iskar da ta rage a saman ruwan ce ke kai-komo. Ruwa na hawa, wurin iskar na raguwa, yawan kai-komo na ƙaruwa.

Iyakar kunnenmu

Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga haz 20 zuwa haz 20,000. Abin da ya gaza haka ko ya wuce haka yana nan, mu ne ba ma jin sa. Kare yana ji har wajen haz 45,000. Wasu jemagu suna fitar da kuka mai sama da haz 100,000, su saurari amonsa idan ya bugi abu ya dawo, da haka suke kama ƙwari a cikin duhu. Giwaye kuma suna kiran juna daga nesa da sautin da bai kai haz 20 ba. Na'urar sikanin da ake yi wa masu juna biyu a asibiti tana aika sauti mai miliyoyin haz cikin jiki, ta mai da amon da ya dawo ya zama hoto.

Wannan ɓangare ya shafi lafiyarmu. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, kowane rukuni da irin sautin da yake kamawa. Masu kama siraran sautuka su ne suka fi saurin lalacewa, ko ta tsufa ko ta yawan ƙara, kuma idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Mutum zai riƙa jin ana magana amma ya kasa bambance "sa" da "fa", domin waɗannan baƙaƙe a sama suke. Saboda haka wanda aka aika niƙa kada ya tsaya a gindin injin, wanda ke sa abin sauraro a kunne ya rage ƙara, kuma kada a yi shimfiɗa kusa da janareta. Idan ka bar wurin biki kunnenka yana ta ƙugi, gargaɗi ne yake yi maka.

Lambar da ke jikin rediyo

A 1887 da 1888 Heinrich Hertz ya nuna a ɗakin gwajinsa cewa tartsatsin lantarki na iya aika wata irin taguwa ta ratsa ɗaki ba tare da waya ba. Ita ce taguwar rediyo. Ba ta buƙatar iska, kuma gudunta gudun haske ne, kilomita 300,000 a daƙiƙa, wato mita 300,000,000.

Idan mai gabatarwa ya ce kuna sauraron Freedom Radio Kano a kan 99.5, yana nufin megahaz 99.5. Lantarkin da ke cikin eriyar tashar yana kai-komo sau 99,500,000 a kowace daƙiƙa. Yawancin tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87.5 da 108, kowace da gurbinta, don kada su hau kan juna. Idan muka raba 300,000,000 da 99,500,000 za mu sami zango mai kusan mita 3.

Iyayenmu da kakanninmu kuma sun saba jin ana cewa "a kan mita 49" ko "mita 19" a gajeren zango. Wannan mitar tsawon zango ce, kada a rikita ta da yawan kai-komo. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna ya daɗe yana watsa shirye-shiryen Hausa a kan kilohaz 6,090. Ku gwada: 300,000,000 ÷ 6,090,000 zai ba ku 49 da ɗoriya. Ga mita 49 ɗin nan ta fito. Taguwar gajeren zango tana bugun wani sashe na sararin sama ta dawo ƙasa a wuri mai nisa, shi ya sa ake kama Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, a ƙauyen da FM ba ta kaiwa. Wayar salula ma rediyo ce ƙarama. Layukan da suka fara aiki a Najeriya a 2001 sun yi amfani da megahaz 900 da 1,800.

Haske kansa ɗan gidan su taguwar rediyo ne, yawan kai-komonsa ne ya yi nisa. Jan haske ya wuce sau tiriliyan 400 a daƙiƙa, launin da ke ɗaya gefen bakan gizo kuma ya wuce tiriliyan 700. Yadda kunne ke jin bambancin kai-komo a matsayin siranta da kauri, haka ido ke ganin sa a matsayin launi.

Wutar lantarki da agogo

Duba bayan cajar waya ko firji, za ka ga an rubuta 50Hz. Wutar da ke zuwa gidajenmu a Najeriya da Nijar tana zuwa gaba ta dawo baya sau 50 a daƙiƙa. A Amurka sau 60 ne. Ƙaramin janareta na gida yana juyawa sau 3,000 a minti, kuma 3,000 ÷ 60 daidai yake da 50. Idan aka ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa, za ka ji kukansa ya yi kauri. Injin ne ya rage gudu, yawan kai-komon wutar ya faɗi, kuma hakan na iya lalata injin firji ko na famfo. A ƙasa baki ɗaya ma haka ne. Akwai cibiya a Osogbo da ke lura da babban layin wuta na ƙasa. Idan wutar da ake ja ta fi wadda tashoshi irin su Kainji ke samarwa, lambar ta sauka ƙasa da 50. Idan ta sauka da yawa, injinan sukan kashe kansu don kada su lalace, kuma wannan na cikin hanyoyin da babban layin ke durƙushewa.

Agogon hannu mai batir yana da wani ɗan ƙanƙanin dutse a ciki da ke kai-komo sau 32,768 a daƙiƙa. Na'urar cikinsa tana raba wannan lamba biyu-biyu har sau 15, sai ta sami 1, hannun agogo ya motsa. Ku gwada rabawar a takarda ku gani. Ita kanta daƙiƙa, tun 1967 masana suka amince a auna ta da kai-komo 9,192,631,770 na taguwar da ƙwayar zarrar wani sinadari mai suna siziyam ke fitarwa.

Idan kai-komo biyu suka dace

Kowane abu yana da yawan kai-komon da ya fi so, kamar yadda dutsenmu mai zaren mita 1 ya nace wa haz 0.5. Idan ana tura abu daidai da wannan lamba, motsinsa zai yi ta girma ko da turin kaɗan ne. Mai tura ƙanensa a lilo ya san haka: yana jira lilon ya dawo sannan ya ɗan taɓa shi. Idan ya tura ba a kan lokaci ba, lilon tsayawa zai yi. Haka gilashin taga ke rawa idan babbar mota ta tsaya a waje tana ƙugi. Haka kuma rediyo ke zaɓar tasha ɗaya cikin tashoshi da yawa: murɗa maɓallin yana canza lambar da na'urar ta fi so har ta dace da ta tashar.

Abin yana da haɗari. A 1831 wata gada a Broughton, kusa da Manchester a Ingila, ta karye yayin da sojoji ke maci a kanta da taku ɗaya. Babu wanda ya mutu, amma daga nan aka ba sojojin Ingila umarni su riƙa karya taku idan za su haye gada. A watan Yuni na 2000 an buɗe wata sabuwar gadar masu tafiya a ƙafa a kan kogin Thames a Landan. Takun jama'a ya sa ta riƙa lilo gefe da gefe, bayan kwana biyu aka rufe ta, ba a sake buɗewa ba sai 2002. Masu son zama injiniyoyi a cikinmu, ga inda lissafin nan ke kaiwa.

Tambayoyin mako

1. Rula ta yi zagaye 120 a daƙiƙa 4. Nawa ne yawan kai-komonta, kuma nawa ne lokacin zagayenta ɗaya?
2. Fanka tana juyawa sau 300 a minti. Haz nawa ke nan?
3. Sauti mai haz 85 yana tafiya a iska da gudun mita 340 a daƙiƙa. Nemo tsawon zangonsa.
4. Wata tasha tana kan mita 25 a gajeren zango. Megahaz nawa ke nan?
5. Agogon bango mai lilo yana latti. Za a ƙara tsawon abin lilon ne ko za a rage? Kawo dalili.
6. Da damina makaɗa kan shanya ganga a rana ko su kara ta kusa da wuta kafin su fara kiɗa. Me ya sa?

A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a jefa a akwatin kulob ɗin 'yan jarida kafin tashi ranar Alhamis. A nuna yadda aka yi lissafin, kada a manta da rubuta ma'auni a bayan kowace lamba. Za mu liƙa amsoshin da sunayen waɗanda suka ci duka shida a fitowa ta gaba. Ajin da ya yi gwajin dutse da zare kuma ya kawo mana lambobin da ya samu, za mu jera su a allo mu ga ko sun dace da juna. Sai mako mai zuwa.